Inda Halvard Ya Juyo

Yayana Halvard bai taɓa son masu keke ba. Tun shekarar da aka kafa alluna aka ce hanyar burjin da ta bi ta gaban gonarmu ta shiga cikin hanyoyin yawon keke, ya ɗaura gaba da su. Da bazara ta kama sai ka gan su garke-garke, sun matse cikin riguna masu walƙiya, tayoyinsu na tauna tsakuwa. Su tayar masa da ƙura a kan ingirici, su buɗe ƙyauren makiyaya su wuce ba su rufe ba.

"Marasa aikin yi," in ji shi. "Gajiya suke nema ruwa a jallo. Su zo nan mana, ina da ita buhu-buhu."

Gonar a bakin kogin Glomma take, gadon iyayenmu ce. Ni na yi aure na koma cikin gari, ina dafa wa yara abinci a makarantar firamare, shi kuma ya zauna da shanu. Ya haura hamsin bai yi aure ba. Ba mata ne suka ƙi shi ba, don ba shi da muni, kuma ba ya shan giya sai ranar biki. Tatsar safe da tatsar yamma ne suka kafa masa iyaka, duk abin da bai shiga tsakaninsu ba sai ya bar shi ya wuce. Tun rasuwar babanmu ban san ya kwana a wani gida ba.

Ranar da Ragna ta fara zuwa ina gonar, na je haƙar sabon dankali. Watan Yuli ne, rana ta yi kyau. Wasu samari suka wuce a guje kan kekuna, suka bar ƙyaure a wangale, ƙananan shanun Halvard suka bi hanya suka nufi gangaren kogi, inda laka take haɗiye dabba har wuya. Muka kwasa da gudu, shi yana gaba yana zage-zage. Da muka sha kwana sai muka tarar da wata mata ta gitta kekenta a tsakiyar hanya, ta ware hannu ɗaya, tana yi wa shanun magana a hankali. Ko ɗaya ba ta wuce ta ba.

"Ke!" in ji Halvard, yana haki. "Ba ki iya karatu ba ne? Ga allo can an ce a rufe ƙyaure!"

Matar ta cire hular kwano. Gashinta gajere ne, furfura ta fi baƙi yawa.

"Na iya karatu," ta ce. "Na kuma iya tare shanu, kamar yadda kake gani. Waɗanda suka bar maka ƙyaure sun kai gada yanzu, in kana da gudu ka bi su. In ba ka da shi, zo ka janye wannan jar, tana neman cinye mini jaka."

Na yi dariya har sai da na zauna a bakin hanya. Halvard ya yi ja har kunne. Da aka mayar da shanun, ni na ce mata ta shigo ta sha kofi, don na san in shi za a jira sai hunturu.

Na soya waina, na yanko jan cuku, ta ci kamar wadda ta yini a gona. Ragna ke nan, ungozoma ce a wani asibiti a birnin Trondheim, arewa da mu. Kowace bazara takan sako kekenta a jirgin ƙasa ta sauka a kwarinmu, ta bi kogi, ta ratsa daji, ta hau dutse, ta gangara kwarurrukan yamma har sai ta ga teku. Ita kaɗai.

"Maigidanki fa?" na tambaye ta, don ni ba na iya riƙe tambaya.

"Ya gaji da jirana, ya samu wadda take tashi daga aiki a kan lokaci," ta ce, tana shafa cuku. "Haihuwa kuwa ba ta san agogo ba."

"Ba ta sani ba," in ji Halvard. Maganar kirki ta farko da ya yi ke nan.

Daga nan suka ɓarke. Ya ba ta labarin ɗan maraƙin da ya taho da ƙafar baya, ta ba shi na jaririn da ya yi haka. Suka yi ta musu a kan wanda ya fi taurin kai tsakanin saniya mai haihuwar fari da miji mai jiran haihuwar fari. Ni na zama 'yar zuba kofi. Da ta tashi tafiya ya cika mata gorunan ruwa da kansa, ya tsaya bakin hanya har ta shige daji.

"Ita ma ba ta da aikin yi?" na ce.

"Je ki haƙi dankalinki, Torunn."

Bazara ta gaba ta dawo, ta sake dawowa wadda ta biyo. Takan tsaya rabin yini, wani lokacin ta taya shi kwasar ingirici, sannan ta hau ta tafi. A tsakani ba sa ko waya. Amma na ga abin da na gani. Halvard ya jawo famfo zuwa bakin hanya don masu keke su sha, ya ƙera benci ya ajiye a gefensa. Ya sa wa ƙyauren makiyaya ƙarfen da ke rufe shi da kansa, ya daina zagin kowa. Da Yuli ya shigo sai ya riƙa aski kullum, kuma duk aikin da yake yi, in ya ji ƙarar taya a kan tsakuwa sai ya ɗaga kai.

Mijina Ottar, wanda ke tuƙa motar katako, shi ya gano keken da Halvard ya saya a ɓoye. Ya je aron sarƙar tarakta a tsakiyar hunturu, ya ɗaga wani tampol a rumbun ingirici, sai ga shi sabo fil, kore, tayoyi masu kauri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya dawo gida yana dariya har da hawaye.

"Har da wandon nan mai kama jiki, Torunn! Na gan shi a rataye bayan ƙofa. Tsohon tuzuru zai fito da ƙafafunsa duniya ta gani!"

"Ka kuskura ka faɗa wa wani, a mota za ka kwana," na ce.

Bai faɗa ba, amma da ƙanƙara ta narke ba wanda bai gani ba. Bayan tatsar safe sai ga Halvard a hanyar kogi, yana karkarwa kan sirdi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ya faɗi a kwanar gada ya goge gwiwa. Ya faɗi a gaban shagon gari saboda takalminsa ya ƙi fita daga feda, tsofaffin da ke shan kofi a waje suka yi masa tafi. Ottar in ya riske shi a hanyar daji sai ya rage gudu ya leƙo ta taga.

"Suruki, in ɗaura maka igiya in ja ka?"

"Wuce da warin hayaƙinka, kana ɓata mini iska."

Kafin sha'ir ya kai gwiwa ya daina faɗuwa. Wata rana na kai masa abinci, na same shi zaune a benci da gumi, yana kallon ƙetaren kogi.

"Kin san akwai wani ɗan tafki bayan dajin su Ottar?" ya ce. "Baƙin ruwa, shiru kamar coci ranar Litinin. A nan aka haife ni, ban taɓa ganinsa ba. A tarakta ba ka jin komai sai tarakta. A kan wannan abin har ƙamshin ƙasa yana canzawa in ka fita daga gona ka shiga daji."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka a kan abin da ba saniya ba.

A wannan bazarar Ragna ta zo ta tarar da koren keke jingine da benci. Ta zagaya shi, ta matsa taya, ta dubi Halvard daga sama har ƙasa.

"Na wane ne?"

"Wani ne ya manta da shi," in ji shi.

"Har da wandonsa ya manta a jikinka?"

Ta kwana a gidanmu a gari. Da yamma ni da ita muka ƙulla magana, Ottar ya sa baki. Ni hutun makaranta nake, kuma da tatsa na tashi. Ottar ya ɗauki hutu. Muka je gona da sassafe, muka tarar da Halvard yana shirin yi mata 'yar rakiya a keke, na haɗa masa jaka da hannuna: riga mai kauri, safa, burodi, cuku, buroshin haƙori.

"Buroshi na mene ne? Yau zan dawo."

"Ba yau za ka dawo ba. Ka bi ta har teku. Shanunka ba za su mutu ba, na san sunan kowace."

"Jar nan tana harbi in an taɓa ta ta hagu."

"Na sani, Halvard. Ni ma tana harbina tun kafin ka sayi wando."

Ya tsaya yana jujjuya jakar. Ragna tana kan kekenta, ƙafa ɗaya a ƙasa, ba ta ce masa zo ba, ba ta ce kar ka zo ba. Can dai ya ɗaura jakar bayan sirdi, suka tafi. Na bi su da ido, su biyu kafaɗa da kafaɗa tsakanin gonar dankali mai fure da kogi, ƙura 'yar kaɗan tana bin su.

Abin da ya faru a hanya daga bakinsa na ji, guntu-guntu, cikin watanni.

Sun bi kogi har inda gonaki suka ƙare, suka shiga daji. Hanyar masu katako ce, hawa a hankali, ga gungume a jibge gefe-gefe suna ƙamshin ƙaro. Ta koya masa ya daina danne birki a gangara, ya bar keken ya nemi hanyarsa cikin tsakuwa. Tayarta ta yi faci, shi ya gyara, ta ce hannunsa ya fi na likitocinsu natsuwa. Da rana ta take suka isa tsohon mashekarin kakarmu, inda ake hawa da shanu su yi bazara kan dutse tun kafin a haife mu. Rufin ya rufta, amma ƙoramar tana nan. Suka ci burodi a kan dutsen ƙofa, ya nuna mata inda kaka take girka tukunyar cuku. Ta kwanta a ciyawa ta rufe ido, shi kuma ya zauna yana kore mata ƙuda da hula. Ya ce bai san tsawon lokacin da suka yi a haka ba.

Daga nan itatuwa suka fara gajarta, har suka ƙare. Sai fili, farar gansakuka, tumaki masu ƙararrawa kwance a tsakiyar hanya sun ƙi tashi, ga ragowar ƙanƙara a kwaruruwan duwatsu. Ya ce ƙirjinsa kamar zai fashe, amma bai sauka ya tura ba. Suka kai wuyan dutse, inda ruwa yake rabuwa, wani ya gangaro wajenmu wani ya yi yamma. Daga can ya hango wani kwari da bai taɓa gani ba, kore, da farin coci ɗan mitsitsi, hanyar tana murɗawa ƙasa zuwa cikinsa, bayansa duwatsu shuɗaye layi bayan layi.

"Daga nan gangara ce har masauki," in ji Ragna. "Suna da miyar nama mai kyau."

Ya tsaya riƙe da keke. Ta dube shi, ta gane.

"Halvard, 'yar'uwarka ta iya tatsa."

"Ta iya."

"To mene ne?"

Ya kwance jaka ya ciro burodi da cukun da suka rage ya tura cikin tata. Ta riƙe masa hannu ta ce ba za ta roƙe shi ba, ta wuce shekarun roƙo, amma ya sani da ta so. Ya ce ya sani. Ta sa hula ta gangara. Ya tsaya har ta zama ɗigo, sannan ya juya.

Muna tsakiyar tatsar yamma na ji ƙarar taya. Na leƙa, sai ga shi yana jingina keke, fuska duk ƙura da gishirin gumi. Ya shigo turke da wandon nan, ya ɗauki bokiti kamar daga ɗaki ya fito.

"Me ya faru? Kun yi faɗa ne?"

"A'a."

"To uban me ya dawo da kai?" Ban san na ɗaga murya ba sai da shanun suka juyo. Ottar ya sulale waje. "Mace ta yi shekaru tana tsayawa a ƙofarka, ka kai har bakin abin, ka juyo saboda jar saniya?"

Ya jingina goshi da cikin saniyar da ke gabansa, ya daɗe a haka.

"Ba saniya ba ce, Torunn," ya ce. "In na je tekun, ita ta yi arewa, ni in hau jirgi in dawo nan ni kaɗai. Yanzu gidan nan yana isata. In na je na dawo ba zai ishe ni ba, kuma ba ni da wani."

Na so in ce masa ai tuni ya daina isarsa, amma na dubi bayansa na fasa. Muka ƙarasa tatsa.

Shekarar da ta biyo kogi ya yi ambaliya da narkewar ƙanƙara, ya cinye hanyar da ke ƙasa da gonarmu har da 'yar gadar. Aka ciro allunan aka mayar da hanyar keke ƙetare. Bazara ta zo, famfon Halvard yana ɗiga ba mai sha. Sai dai ka hango su can ɗaya gaɓar, jajaye da rawaye, suna wucewa ba ƙara. In yana yankan ciyawa a filin bakin ruwa yakan tsayar da tarakta ya yi ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Ragna ba ta cikinsu. Ta karɓi aiki can ƙarshen arewa, wani ƙaramin gari a bakin ruwa inda ungozoma ɗaya ce ga ƙauyuka da yawa, kuma bazara ce lokacin da ba a samun mai riƙe mata. Ta kira shi ta faɗa masa. Ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ya ce ana samun sauro sosai can, ta sayi magani. Ina tsaye na ji shi. Na so in buga masa ludayi.

Bai ajiye keken ba. Hasali ma ya ƙara hawa. Duk Lahadin da hanya ta buɗe, yana gama tatsar safe sai ya ɗauki hanya ta bayan rumbu, ya ratsa daji, ya wuce mashekari, ya kai wuyan dutse, ya zauna kaɗan, ya juyo. Ya rame, ya yi ƙarfi, samarin da ke zuwa daga birni har tambayarsa hanya suke yi. Ottar ya daina yi masa tsiya. Sau ɗaya na ce masa ya gangara ɗaya gefen mana, ko don ya ɗanɗani miyar nan. Ya ce ba yunwa yake ji ba.

Kakar bara, ana cikin ɗebe dankali, wayata ta yi ƙara a kicin ɗin makaranta. Ragna ce. Ni ta kira, ba shi ba. Ta tambayi lafiyar yaran makaranta da ta Ottar, ta ce rana ta kusa daina fito musu gaba ɗaya sai bayan sabuwar shekara, ta ce can babu itace ko ɗaya, iska ce kawai da duwatsu, kuma tana mafarkin ƙamshin dajinmu. Sannan ta zo kan Halvard.

"Yana hawa har yanzu?"

"Kamar mahaukaci."

"Yana ambatona?"

"Ba ya ambaton kowa, kin san shi. Amma duk Lahadi yana wuyan dutse."

Na ji ta ja numfashi. "Akwai hanyoyin burji a nan ma," ta ce. "In bazara ta yi, rana ba ta faɗuwa sam. Ki gaya masa kawai. Kar ki ce na ce wani abu."

Na gaya masa, kuma na ce ta ce. Yana wanke bututun tatsa, ya ci gaba da wankewa. Da ya gama ya tambaye ni ko Ottar ya san yadda ake sa keke a jirgin sama. Ottar ya je shagon kekuna a babban gari ya samo masa ƙaton kwali, ya nuna masa yadda ake cire taya da feda a shirya. Halvard ya saurara da kyau, har ya sa aka maimaita masa. Ya shigar da kwalin zaure ya jingina da bango.

A can kwalin ya yi hunturu. Kyanwa ta gano shi ta haihu a ciki. Da ƙanƙara ta narke na ce to, ga ni ga Ottar, sai ka sa rana. Ya ce a bari a gama shuka. Aka gama, ya ce a bari yankan fari ya shiga rumbu. Ya shiga. Yanzu wata saniya ce ke da tsohon ciki, kuma ya ce ta sha wuya a haihuwar bara. A gidan da ke da shanu kullum akwai mai tsohon ciki.

Ragna ta kira shi da kanta a watan jiya, sun daɗe suna magana, ban san me suka ce ba. Na dai ga ya kwashe 'yan kyanwan ya mayar da su kwando, ya share cikin kwalin, ya liƙe inda ya yage. Lahadin da ta wuce na je da wuri na same shi a zaure, tsaye tsakanin kwalin da keken, riƙe da sifana.

"To, cire tayar mana," na ce.

Ya dubi sifanar, ya dubi ƙofa. Gari ya waye tas, hazo yana tashi daga kogi.

"In na sa shi a ciki yau, me zan hau?" ya ce. "Dubi irin ranar da aka samu."

Ya ajiye sifanar a kan kwalin, ya tura keken waje. Ni kuma na shiga kicin na ɗora kofi.